Amalanken Yakub a Ƙofar Haikali

Tun kafin rana ta fito unguwarmu ta kacame kamar gidan biki, domin ranar ce za a kawo mana Buddha.

Mu Mahar ne, dangin da ake ɗauka ƙazamai tun daga haihuwa, waɗanda ba a taɓawa. Unguwarmu tana bayan garin Nimbori, can gefen rafi, inda aka ajiye kakanninmu don kada inuwarsu ta faɗa kan mai tsarki. Aikinmu jan mushen shanu da sharar hanya, ladanmu ragowar gurasar dawa da ake jeho mana daga bakin ƙofa. A shekarar da ta gabata ne mazanmu suka dawo daga babban taron Nagpur cikin fararen kaya, suka ce magana ta ƙare, mun bar addinin Hindu mun bi hanyar Buddha, kuma duk wanda saniyarsa ta mutu ya ja abarsa da kansa. Muka gina ɗan ɗakin ibada na laka muka rufa shi da kwano, amma babu komai a ciki sai tabarmi. Daga baya 'yan'uwanmu masu aiki a masaƙun Bombay suka sa aka sassaƙa mana siffar Buddha da farin dutse, suka ɗoro ta a jirgin ƙasa.

Ni Tanubai, a lokacin ban daɗe da tarewa ba. Maigidana, wanda sai yanzu da ba ya raye nake iya kama sunansa, shi ne Kachru. Dogo ne mai saurin hawa. Ya haddace alkawuran da suka ɗauka a Nagpur kaf, ko abinci ake ci sai ya karanto mana ɗaya. Da asuba ya tafi tasha tare da sauran maza, aka bar mu mata muna ta guje-guje, wannan na neman tsintsiya, waccan na jan kunnen ɗanta don ya ɓata rigarsa tun ba a je ko'ina ba.

Mutum ɗaya ce abin bai ɗaɗa ta da ƙasa ba, surukata Bagubai, wadda duk gidan muke kira Aai. Ranar da kowa ya kwashi gumakansa ya zuba a rafi, ita ɓoye dutsen gunkiyarta Mariai ta yi a cikin tukunyar dawa. Ta ce Mariai ce ta tsare mata ɗa a shekarar amai da gudawa, ba za ta saka mata da ruwan rafi ba.

Na same ta tana ɗaura koren sarinta, dogon zanen da matanmu ke naɗawa. Na ce, "Aai, farin fa? Jiya na wanke miki."

Ta ce, "Mijina ya mutu ban sa fari ba, sai don baƙon da ko fuskarsa ban sani ba? Ɗauko min sandata dai, in je in ga abin da ya hana ku barci."

Muka tafi mararrabar bakin gari muka jira a ƙarƙashin itatuwan mangwaro. An kwana biyu ana ruwa, ƙasa ta jiƙe sharkaf, amma ranar gari ya washe. Hantsi ya ɗaga muka jiyo ganga daga nesa. Yara suka kwasa a guje, mu ma manya ba mu san lokacin da muka bi su ba.

Ga amalanke nan tafe, shanu biyu na ja, a kai wani abu zaune an lulluɓe shi da farin ƙyalle an ɗaure da igiya. Amalanken na Yakub ne, musulmi mai matsar mai. Duk garin shi kaɗai ya yarda ya ba mu aro. A gefensa Bhante ke tafiya, malamin da aka turo mana daga birni, gajere mai mayafi ruwan ɗorawa da tsohuwar laima. Shi ma Mahar ne, dako yake yi a tashar jirgi kafin ya aske kansa.

Da suka iso mararraba Yakub ya tsai da shanu. Ya nuna hanyar bayan gari, wadda muka saba bi, ya ce, "Wannan kam ruwa ya cinye ta. In na sa shanuna a ciki, da ni da su da baƙonku sai dai a tsince mu a gari na gaba."

Kowa ya juya ya dubi ɗaya hanyar, babbar, wadda ta ratsa tsakiyar gari ta wuce ta ƙofar haikalin Vitthal, abin bautar mutanen gari. Mu ba ma bin ta sai da tsintsiya a hannu, kai a sunkuye.

Na ga murmushi yana neman kuɓuce wa maigidana. Ya ce, "To ai ruwa ya raba gardama."

Wani dattijo ya ce, "Patil fa? Ka san halinsa." Patil shi ne mai gari, kuma a gonakinsa yawancinmu ke ƙwadago.

Bhante ya naɗe laimarsa ya ce, "Ba za mu zagi kowa ba, ba za mu taɓa kowa ba. Wucewa kawai za mu yi. A buga gangar."

Aka buga. Ban san yadda zan kwatanta muku tafiyar nan ba. Ga tsoro, amma bakina ya ƙi rufuwa. Muna tafe muna rera kalmomin neman mafaka ga Buddha da aka koya mana, rabinmu ba mu iya su daidai ba, muna dai ɗaga murya. A ranar na fara ganin cewa ƙofar gidan Patil an sassaƙa mata tsuntsayen aku guda biyu. Na sha share gaban ƙofar nan, ban taɓa ɗaga kai na gan su ba. Mutanen gari suka firfito barandunansu, mata na leƙe ta bayan ƙyaure.

Daidai ƙofar haikali, inda ruwan indararo ya taru, ƙafar amalanke ta hagu ta nutse cikin taɓo har cibiya. Yakub ya yi wa shanu tsawa, suka yunƙura, suka sake yunƙurawa, ko motsi. Mazanmu suka sa kafaɗa suka tura, ƙafar ta ƙara shigewa. Ganga ta yi shiru.

Sarjerao, babban ɗan Patil, yana jingine da ginshiƙin haikali yana taunar goron betel. Ya tofar ya ce, "Kachru, ku da kuka gaji jan mushe, wannan ɗan kayan ne ya gagare ku? Ko kun manta sana'ar ne?"

Abokansa suka kwashe da dariya. Na ga jijiyar wuyan maigidana ta tashi, na yi maza na riƙe gefen rigarsa. Sai amalanken ya ƙara karkata, igiya ta saki, ƙyallen ya zame ya faɗi cikin laka.

A nan muka fara ganin sa, mu da su a lokaci guda. Fari fat, yana zaune ya harɗe ƙafafu, hannu ɗaya ya taɓa ƙasa, idanu a lumshe kamar mai sauraron magana daga nesa. Rana ta haske shi. Dariyar ta mutu a bakin masu yin ta. Matar da ke kusa da ni ta fara kuka ba sauti. Aai ta matso tana dogara sanda, ta ƙare masa kallo, ta ce a hankali, "Ashe yaro ne."

Sai ga Digambar Bhatji ya fito daga cikin haikali. Shi ne malamin da ke hidimar Vitthal, tsoho siriri, zaren tsarki a kafaɗarsa, tun da nake ban taɓa ganin ya ɗora ido a kan ɗayanmu ba. A hannunsa akwai sarƙar furanni da ganyen ɗoɗɗoya, wadda ya shirya don bautar tsakar rana. Ya tsaya a matakala ta sama ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Wannan ai na san shi. Vishnu, wanda muke bauta wa a nan da sunan Vitthal, ya sha saukowa duniya cikin siffofi, wannan ce ta tara. Namu ne. Ku dubi inda ya zaɓa ya tsaya."

Maigidana ya fizge rigarsa daga hannuna. Ya ce, "Bhatji, ba naku ba ne. Mutum ne, mace ta haife shi, ya tsufa ya mutu kamar kowa. Shi ya ce ba haihuwa ke sa mutum ya zama mai tsarki ko ƙazami ba, aikinsa ne. Mun yi alkawari ba za mu yarda a ce mana Vishnu ne ba."

Tsohon ya ce, ba da faɗa ba, "Alkawarinka na bara ne, ɗan nan. Abin da na faɗa maka na gada daga kakana."

Sarjerao ya miƙe daga jikin ginshiƙi. "To tunda namu ne, a sauke shi a shigar da shi ciki mana. Su su koma bakin rafi da amalankensu."

Samari suka fara gangarowa daga matakala. Mazanmu suka zagaye amalanke kafaɗa da kafaɗa. Na ga wani namu ya sunkuya yana laluben dutse, Bhante ya taka masa hannu da ƙafa. A zuciyata na ce yau jini zai zuba.

Aai ce ta ratso tsakiya da koren sarinta. Ta ɗaga kai ta dubi tsohon.

"Bhatji, ka san ni. Tun ina da haƙora nake share maka ƙofar nan. Ni baƙon nan yau na fara ganin sa, ban ma ce ina son sa ba tukuna. Amma mu muka ɗauko shi daga tasha. A garin nan ko amarya aka kawo, ba a karɓe ta a bakin ƙofa a kori 'yan rakiya. In zai shiga, da mu zai shiga, mu da jikokinmu da lakar ƙafafunmu. Ka buɗe ƙofar da kyau, muna da yawa."

Wata mata ta yi dariya a bayan ƙyauren wani gida, aka ji an kwaɓe ta. Samarin suka tsaya suna kallon Bhatji. Shi kuwa ya waiwaya ya dubi ƙofar haikalin, ya dubi mu, ya sake duban ƙofar.

Ya ce, "Wannan kam ba zan iya ba, Bagu."

Ta ce, "Shi ya sa muka gina masa ɗaki."

Na ɗauka zai juya ya shige. Sai ya ɗaga sarƙar furannin, ya yi kamar zai jefo ta, yadda ake jeho mana komai, ya ce wa maigidana, "Karɓi ka rataya masa."

Maigidana ya mai da hannuwansa baya. "Na daina cafe, Bhatji."

Bhante ya ce, "Fure bai yi wa kowa laifi ba. In kana son ba shi, ga hanya nan, ba mai hana ka."

Tsohon ya tattare zanen ƙugunsa ya fara saukowa. Wani daga baranda ya ce, "Bhatji, ka fa riga ka yi wanka, lokacin bauta ya kusa." Bai waiwaya ba. Ya sa ƙafa cikin taɓo, mutanenmu suka dare masa. Ya iso jikin amalanke, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan gindin ƙafar amalanken, ya yunƙura, ƙarfi ya gaza. Sai ya miƙo hannu gefe ba tare da ya duba ba, kamar yadda tsofaffi ke yi in suna neman madogara.

Ni ce a wurin. Hannun yana nan a gabana, a buɗe. Tun ina yarinya aka koya min in ja da baya daga irin hannun nan, an taɓa dukan yayana har ya suma don kafaɗarsa ta gogi ta wani a kasuwa. Ban yi shawara da kowa ba, na kama. Ya dogara da ni da nauyinsa duka, ya hau.

Wurin ya ɗauki guna-guni kamar an taɓa gidan zuma. Sai da ya hau ya dubo ƙasa ya ga wadda ta riƙe shi. Ya juya ya rataya wa Buddha sarƙar, ya gyara ta a ƙirji, ya haɗa tafukansa.

Yakub ya ce, "Bhatji, addini ɗaya ma shanuna sun kasa ja, ka zo ka ƙara musu na biyu."

Wannan karon har mazanmu sai da suka dara. Ana cikin haka Patil ya iso da kansa, yana haki, an kira shi daga gona. Ya dubi ɗansa, ya dubi malaminsa tsaye a kan amalanken Mahar, ya dubi rana. Patil mutum ne mai lissafin abin da zai fisshe shi. Ba za a yi bautar tsakar rana ba muddin muna tsaye a ƙofar, kuma ba za mu gusa ba muddin amalanke na cikin taɓo.

Ya ce wa Sarjerao, "Tsayuwar me kake yi? Je ka kwanto bijiman nan biyu. A fitar min da abin nan daga nan."

Aka kawo bijiman Patil, manya masu ƙaho an shafa musu jan fenti, aka ɗaura su a gaban na Yakub. Samarin gari suka ɗauko dogayen gorori don su ɗaga ƙafar amalanken ba tare da sun haɗa jiki da mu ba. Gorar farko ta karye, mai riƙe da ita ya faɗa kan ƙanin maigidana, suka yi birgima tare. Daga nan ba wanda ya ƙara kula da wa ke kusa da wa. Mai ganga ya ci gaba da kiɗa, mata muka kama waƙa, Yakub yana ihu, Patil yana ihu, laka na fantsama har fuskokin masu kallo. Aka ja, aka tura, ƙafar ta yi wani irin ƙara kamar an zare tulu daga rijiya, amalanke ya fito.

Abin da kowa ya manta shi ne Bhatji bai sauka ba. Bijiman Patil da suka ji nauyi ya saki sai suka zabura, na Yakub suka bi su. Tsohon ya rungume kafaɗar Buddha da hannu biyu.

"Yakub, tsaya in sauka."

"In na tsaya a nan mun sake nutsewa. Riƙe da kyau, Bhatji, ai ka ce naku ne, ba zai yar da kai ba."

Haka muka bi su a guje, manya da yara, muna waƙa muna dariya har hawaye, Sarjerao yana bayanmu yana kiran sunayen bijiman ubansa. Aai kuwa wasu samari biyu ne suka ɗauko ta cak, tana dukan su da sanda tana cewa su ƙara sauri. Amalanke bai tsaya ba sai a ƙofar ɗakin ibadarmu.

Bhatji ya sauko da kansa. A garin aka haife shi, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka unguwarmu ba. Ya tsaya yana kallon bukkokin. Maza suka sauke Buddha a kan buhuna, suka shiga da shi suna nishi, suka zaunar da shi a kan dakalin da muka shafe da farar ƙasa. Muka dunguma ciki har ba wurin sa ƙafa. Bhante ya leƙo ya ce wa tsohon, "Shigo mana, akwai wuri."

Ya girgiza kai. Amma bai tafi ba sai da aka gama karatun farko, yana tsaye daga waje a rana. Sannan ya gangara rafi ya shiga ruwa da kayan jikinsa.

Da yamma aka dafa shinkafa da wake a manyan tukwane. Aai ta je ta tsuguna gaban Bhante ta ce, "Shi wannan me yake ci? Mariai akuya take so."

"Ba ya cin komai, Aai."

"Baƙo ya yi tafiya tun daga Bombay a ce ba ya cin komai?" Ta tashi ta ɗauko gurasar dawa da albasa ta ajiye masa a gaba. Maigidana ya buɗe baki zai karanto mata alkawari, Bhante ya ce masa ya je ya taya rabon abinci.

Abin bai wuce haka kawai ba. Da kaka ta zo Patil ya hana mazan unguwarmu aiki a gonakinsa, dole maigidana ya tafi Bombay, ni ma daga baya na bi shi. Rijiyar gari ta ci gaba da zama a rufe gare mu shekaru masu yawa. Shi ma Bhatji ya ɗanɗana, don akwai gidajen da suka daɗe suna ɗauko malami daga wani gari in za su ɗaura aure.

Amma a yammacin nan ba mu san da wannan ba. Mutane suna ta rawa a waje, na shiga ɗakin ibada in kwashe tabarmi, na tarar da maigidana shi kaɗai a gaban Buddha. Ya kama sarƙar furannin kamar zai cire.

Ya ce, "Don Vishnu ya rataya ta, ba don shi ba."

Na ce, "Amma da ƙafarsa ya zo."

Ya daɗe yana riƙe da ita, sannan ya saki. Ya juyo ya kama hannuna na dama, ya juya shi yana dubawa kamar zai ga wani tabo.

"Yaya kika ji shi?"

"Wa?"

"Hannun nasa."

Na yi tunani. Na ce, "Hannun tsoho ne. Da sanyi, kuma yana rawa."

Ya gyaɗa kai. Daga waje aka fara kiran sunansa, wai ya zo ya karɓi mai ganga, hannunsa ya gaji.